Hantar Mutumin Bango

Shekara talatin da ɗaya Mai Zane ya yi yana yawon makarantun firamare da tsani ɗaure a bayan keke. Duk wanda ya yi aji huɗu zuwa aji shida a garin nan da ƙauyukan da ke gefensa ya zauna a ƙarƙashin aikin hannunsa, ko ya san fuskarsa ko bai sani ba. Yawanci ma ba su sani ba. Abin da yara suka sani shi ne duga-dugansa masu faso a kan tsani, da warin kananzir, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya tsoma buroshi a gwangwani.

Shi kansa a aji uku aka cire shi daga makaranta. Ubansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai rubuta allunan shaguna, ya ce ga shi nan, ya koyi abin da zai ci abinci da shi. Ya yi shekaru yana zana almakashi a ƙofar teloli da kan mutum a ƙofar masu aski, har ranar da wani hedimasta ya shigo shagon ransa a ɓace. Gara ta cinye masa takardun koyarwa da ke rataye a azuzuwa, ɓeraye sun ƙarasa ragowar. Ya ce yana neman wanda zai zana masa su a jikin bango, ya ga ta inda gara za ta ɓullo. Maigidan shagon ya ce shi ya girmi hawa tsani saboda yara, ya tura Mai Zane. Wata makaranta ta gani ta kira shi, wata ma ta kira, bai sake komawa ƙofar masu aski ba.

To, karatun da aka hana shi a kan benci, a kan tsani ya yi shi. Ba a rufe aji don mai fenti ya zo. Shi yana bangon baya yana aiki, malami yana gaba yana koyarwa, kunnensa kuwa ba a toshe yake ba. A aji huɗu yakan zana jadawalin sau har zuwa goma sha biyu, da da'irar da aka raba biyu, aka raba huɗu, aka raba takwas, da haƙoran mutum kowanne da sunansa. A aji biyar akwai yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama girgije ya sauko, da sassan fure, da taswirar duniya wadda shuɗi kaɗai take ci masa gwangwani biyu. Aji shida ne mai karya baya. Ga kusurwoyi, ga duniyoyin da ke zagaya rana, ga jerin suna da aikatau da sifa, ga wani dogon layin shekarun tarihi da sai ya sauko ya ja tsani sau huɗu kafin ya kai ƙarshensa. Har yau in ka tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya lumshe ido ya ɗaga hannu kamar mai lalubar wurin a bango, sannan ya ce hamsin da shida.

Ranar da ya fara jin cewa ƙasa ce ke juyawa, rana tana tsaye, kusan faɗowa ya yi. Ya dawo gida da zumuɗi ya ɗauki ƙwarya da fitila zai nuna wa matarsa. Ta saurare shi har ya gama, tana tankaɗe, sannan ta ce, "To Malam, tunda juyawa take yi, ta riƙa juyo mana da kai gida da wuri mana." Bai ƙara koya mata komai ba, amma ’ya’yansa biyar sun sha.

A cikin dukan zane-zanen nan akwai wanda ya fi so, ba ya ma ɓoyewa. Mutumin bango ne, kamar yadda yara ke kiransa. Wani mutum ne a bangon aji shida, tsayinsa ya fi na malami, yana fuskantar aji, an buɗe masa ƙirji da ciki ana ganin huhu da zuciya da hanta da tumbi da hanji, kowanne da launinsa da kibiya da suna. Kwana uku yake ci. Fuskar ma Mai Zane ba ya yi mata ha'inci, yakan sa mata ɗan murmushi, wai don kada yara su tsorata da mutumin da aka farke. Makaranta arba'in da shida ya tsayar da shi a cikinsu, kuma ya san kowanne, ya san wanda hantarsa ta fi kyau da wanda fenti ya yi masa ƙaranci a hanji.

Yadda yake aikin ba da ka ba ne. Tun farko wani malami ya ara masa littafin kimiyya na kwana biyu. Ya ja layuka ya faɗaɗa hoton a kan babbar takarda, sannan ya zauna da allura ya bi kowane layi yana hudawa, huji kusa da huji, har idonsa ya yi ja. In ya je aji sai ya manna takardar a bango, ya ɗauki ƙullin tsumma mai garin gawayi ya bubbuga a kanta. Garin ya bi ta hujin, ya ɗaga takarda, ga mutum a tsaye da ɗigo-ɗigon baƙi, saura fenti. Sunayen kuwa da hannu yake rubuta su daga baya. Gefen takardar da ƙullin ke bugawa ya yi baƙi ƙirin tun ranar farko, don haka bai taɓa ruɗewa ba: baƙin wajensa, farin wajen bango. In takarda ta tsufa sai ya shimfiɗa ta a kan sabuwa ya bubbuga ya sake hudawa. Wadda ke hannunsa yanzu ita ce ta huɗu.

Shekaru sun yi aikinsu. Gwiwoyi suka fara ƙara a kan tsani, kafaɗar dama ta fara ƙin ɗaguwa da safe sai an lallashe ta. Likita ya duba shi bara ya ce, "Baba, kai da tsani ku yi sallama." Ya ce to, kamar yadda ake ce wa likita to. Aikin ma ya ja baya da kansa, don yanzu ana sayar da hotunan koyarwa na roba masu sheƙi, a buga ƙusa huɗu an gama. Sai ya zama yana yini a ƙofar gida yana wanke burusan da ba su yi datti ba. Gajiya ce a jikinsa irin wadda barci ba ya cirewa, amma ransa a kwance yake. In ya wuce wata makaranta ya hango launin aikinsa ta taga, yakan ji cewa shi ma dai bai zo duniya a banza ba.

Ana haka wata ranar Laraba da yamma Auta ta dawo. Auta ita ce ’yarsa ta ƙarshe, malama ce, ita ke riƙe da aji shida a makarantar bayan kasuwa. Ta shigo da tulin takardu a hammata, ko mayafi ba ta cire ba, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Uwarta ta ce ga ruwa, Auta ta ce bari tukuna.

"Baba, ina takardar mutumin bango?"

"Tana ɗaki. Wata makaranta ce ke so?"

"A'a. Ɗauko ta dai mu gani."

Ya ɗauko ta a naɗe, ya shimfiɗa a tsakar gida, ya danne kusurwoyin da takalma. Auta ta buɗe littafin kimiyya ta ajiye a gefe, sannan ta zaro takarda ɗaya daga cikin tulin. Jarrabawar gwaji ce da ta yi wa ’yan ajinta, irin wadda za su rubuta ta fita firamare. Akwai hoton mutum da kibau, an bar gurabe yara su cike sunaye.

"Yara hamsin da shida gare ni," in ji ta. "Arba'in da ɗaya sun rubuta hanta a kan tumbi, tumbi a kan hanta. Bara ma haka, bara waccan ma haka. Yau na miƙe zan fara faɗa, takardar nan tana hannuna, sai na ɗaga kai na kalli bango. Baba, dubi littafi, ka dubi naka."

Ya duba. Ya matso da littafin kusa da ido, ya mayar, ya sake duba tasa. A littafi hanta tana wajen hannunsa na hagu. A takardarsa tana wajen dama. Tumbi ma ya sauya wuri, zuciya ma ta karkata ɗaya gefen. Komai yana nan, komai ya yi kyau, sai dai komai a juye yake.

"Ai hanta a dama take," ya ce a hankali. "Na ji malamai suna faɗa ya fi sau ɗari."

"A daman mutum take, Baba. Shi kuwa wannan fuskantarmu yake yi. Damansa ita ce hagunmu. Malami ya ce hanta tana dama, ya waiwaya ya gan ta a damansa shi, sai ya ga daidai ne. Ni ma haka na yi shekara shida ina yi. Yara kuma ba magana suke riƙewa ba, wuri suke riƙewa. Sun yi shekara suna kallon hanta a nan, in suka ga kibiya a nan sai su rubuta hanta."

Mai Zane ya janye takalman. Ya sunkuya ya ɗaga takardar ya juya ta, farin gefen ya dawo sama. Rana ta bi ta hujin allurar, sai ga mutumin littafi sak, hanta a inda ya kamata. Huji ba shi da gaba ba shi da baya. Ranar farko, a makarantar farko, yana ɗoki, hedimasta yana tsaye a kansa, ya manna takardar a kife ya buga mata gawayi. Shi ke nan. Baƙin da ya dogara da shi shekara talatin da ɗaya, shaidar kuskuren ne.

Matarsa ta leƙo ta ce, "To mene ne a ciki? Mutum ne na gaske da zai mutu?"

Shi abin da ya dawo masa daban ne. Sau nawa yana kan tsani a wani aji yana gyaran taswira, ya ji malamin aji shida ta bango yana cewa, ga shi an zana muku ƙato a gabanku, amma kanku kamar dutse? Sau nawa ya ji ƙarar rula a tafin hannu? Har ma yakan girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa sa hankali. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har abincin da aka ajiye masa ya huce bai taɓa ba.

Washegari ya zauna da Auta suka lissafa makarantun. Cikin arba'in da shida, goma sha biyu sun fita: wasu ginin ya rushe, wasu an yi sabon fenti, wasu an rufe da hoton roba. Saura talatin da huɗu. Jarrabawar fita kuma saura mako bakwai.

"Baba, ba sai ka wahala ba," in ji Auta. "Zan gaya wa malamai a taro, kowa ya faɗa wa ’yan ajinsa cewa a juye yake."

"Malami ana canja masa wuri," ya ce. "Wanda kika gaya wa bana, baɗi yana wata makaranta. Bangon kuwa yana nan."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ba shi ya kife takarda ba."

Ya sayi farar ƙasa da fenti, ya sa wa keke iska, ya ɗaura tsani. Matarsa ta tsaya a ƙofa tana kallonsa yana neman ɗaga ƙafa ya hau, sai da ya gwada sau biyu. Ta ce, "In ka faɗo a garin mutane, kada a ce ban faɗa ba." Amma ta saƙala masa gorar ruwa a kan keken.

Kai, ashe gyara ya fi yi wahala. Sai ka fara shiga ofishin hedimasta ka tsaya da hula a hannu ka ce, ni ne na yi muku kuskure. Na farko ya saurare shi ya yi dariya har da buga tebur, ya kira mataimakinsa ya ce zo ka ji, ashe mutuminmu bahago ne. Amma ya ba shi makulli. Na biyu ya haɗe rai ya ce masu duba makarantu sun zo sau uku sun yaba zanen nan, shi ba zai yarda a ce makarantarsa ta yi shekara ashirin tana koyar da shirme ba. Sai da Mai Zane ya buɗe littafi ya sa shi ya tsaya a jikin bango, bayansa a manne, ya ɗora hannu a kan hantarsa. Mutumin ya kalli hannunsa, ya waiga ya kalli bango, ya yi tsaki, ya ce a yi a gama kafin Litinin, kuma kada a gaya wa iyaye. Wata hedimasta mace kuwa kujera ta sa aka kawo masa, ta ce, "Baba, da kowa zai dawo ya gyara abin da ya ɓata a makarantar nan, da layi ya kai bakin titi."

Kowane bango kwana uku. Ranar farko a shafe da farar ƙasa a jira ta bushe, ta biyu a buga gawayi a sa launi, ta uku a bi layuka da sunaye. Yanzu farin gefen takardar yake bugawa, hannunsa kuma ya saba da tsohon wuri, sau biyu ya tsoma jan hanta ya nufi dama kafin ya ankara. Da yana gama hanji kafin a tashi tara, yanzu sai ya sauko sau biyar ya zauna a bencin baya yana matsa kafaɗa, ’yan aji suna karanta sunayen nahiyoyi a kansa. Ba ya jin daɗin sauraron darasi kamar da. Duk lokacin da malami ya ɗaga murya a kan wani, sai ya tsayar da buroshi.

Mako uku suka wuce, ya gama shida. Ranar Asabar ya tashi kafaɗar ta kumbura, ko riga ya kasa sawa sai da aka taimaka masa. Matarsa ta dafa ruwa tana gasa masa da tsumma, tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai mutumin bango ya fi ta gata, shi an san inda hantarsa take, ita tata ta ƙone ba wanda ya tambaya. Ya bar ta ta yi, don ya san tana da gaskiya. Da ta gama ya gwada ɗaga hannun. Iyakarsa ƙirji.

Ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi lissafin da ya koya a bangon aji huɗu. Saura makaranta ashirin da takwas. Kwana uku-uku, tamanin da huɗu. Ranakun makaranta da suka rage, ashirin. Ko da kafaɗar saurayi ce ba za ta kai ba. Ya daɗe yana kallon bokitin farar ƙasa da ke gefen randa, har Auta ta fito ta same shi a haka.

"Shafewa kawai awa ɗaya ce," ya ce mata. "Ba tsani. In na ɗaura buroshi a sanda, hannu biyu za su yi. Biyu a rana, har da saura."

"Ka shafe ka bar bango fari?"

"Gara fari. In ba su ga komai ba za su buɗe littafi."

"Baba, aikinka ne fa na shekara talatin. Ka bari a yi hutu, ka warke, ka bi su a hankali."

"’Yan bana fa? Su ma su shiga jarrabawa da shi a kansu?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ni na san hannun nan. Ba zai sake zana mutum ba."

Auta ta juya ta shiga ɗaki da sauri, don ba ta so ya ga fuskarta.

Ranar Litinin ya fita ba tsani, sai bokiti da sanda. Ya fara da makarantar Auta, ta bayan kasuwa, inda mutumin da ya fi kowanne kyau yake. A shekarar da ya yi shi ya samu wani jan fenti da bai sake samun irinsa ba, zuciyar har yau kamar jiya aka sa ta. Ya tsaya a gabansa ya fi minti biyar da buroshi yana ɗiga a ƙasa. Wallahi ya ji zafi, ba kaɗan ba. Sannan ya fara daga kai ya gangaro, shafa ɗaya, shafa biyu, jan yana leƙowa ta ƙarƙashin farin, sai da ya yi masa hawa uku kafin ya ɓace. Ya wanke buroshi a bakin famfo ya hau keke ya nufi ta gaba.

Daga nan abin ya zama aiki kawai. Safe ɗaya, rana ɗaya, in hanya ta yi nisa kuma ɗaya tak a yini. Ya shiga ofis, ya yi bayani, ya dama farar ƙasa, ya shafe, ya fita. Bayanin ma ya gajarta, ya zama jimla uku. Wasu wuraren ba su san shi ba, sababbin malamai ne, suna ɗauka lebura ne aka turo. Wata ma ta ce in ya gama ya ɗan shafa mata bayan ƙofa inda yara suka yi rubutu, ya shafa mata. Yana dawowa gida da farar ƙasa a gira da gashin hannu, ya zauna a tabarma, a kawo abinci ya ci rabi. Ƙafafunsa suka kumbura saboda taka keke. Akwai ranar da ya tsaya a gindin wata bishiya a hanya don ya huta minti biyar, bai farka ba sai da inuwa ta matsa ta bar shi a rana.

Ta ƙarshe ita ce mafi nisa, makaranta mai azuzuwa shida da rufin kwano a ƙarshen wata hanya mai ramuka, inda sai da ya sauka ya tura keken. Ranar Alhamis ce, jarrabawa Litinin. Hedimasta ba ya nan, sai malamin aji shida, wani dogo mai kimanin shekara talatin da biyar, da alli a hannu har gwiwar hannu. Yana tsakiyar bitar lissafi, ya cika allo da kashi-kashi. Ya saurari jimlolin nan uku, ya kalli littafi, ya kalli bango, ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya ba, bai kuma yi musu ba. Ya ce wa yara su matsar da bencin baya.

Mai Zane ya yi aikinsa, aji ya ci gaba da nasa. Wannan mutumin tsoho ne, na farko-farko, launin ya koɗe, hawa biyu suka ishe shi. Ya jingina sanda, ya sa buroshi a bokiti. Ya gama ke nan, talatin da huɗu cif. Ya yi zaton zai ji sauƙi, sai ya ji ba komai sai ciwon baya.

Har ya kai ƙofa ya tsaya. A duk makarantun da ya bi, da manya ya yi magana, a ofis, a hankali, kamar mai neman alfarma. Bai taɓa juyowa ya kalli waɗanda abin ya faɗa wa ba.

"Malam, ka ba ni minti ɗaya da su."

Malamin ya matsa gefe. Mai Zane ya tsaya a gaban allo, wurin da bai taɓa tsayawa ba a shekara talatin da ɗaya, ya ga idanu sun fi sittin a kansa. Ya yi ɗan tari.

"Wanda aka taɓa yi wa faɗa ko aka buge shi a kan hanta da tumbi, ya ɗaga hannu."

Da farko ba wanda ya motsa, suna satar kallon malaminsu. Sai wata yarinya a layin gaba ta ɗaga, sai na kusa da ita, sai hannuwa suka tashi ko'ina, fiye da rabin aji. Yana cikin bin su da ido ya kai bakin taga inda malamin yake tsaye. Shi ma hannunsa a sama yake, da allin a tsakanin yatsu.

"A ajin nan na yi, Baba," in ji malamin. "A bencin can na uku. Na sha rula sau biyu a kan tambayar nan. Da na zama malami kuma na ba da ita."

Mai Zane ya juyo ga yaran.

"Ba ku ne ba ku gane ba," ya ce. "Kun gane sarai. Abin da na zana muku shi kuka rubuta. Ni na kife takarda. Ku yafe mini."

Ajin ya yi tsit. Ba a taɓa koya musu abin da ake cewa ba in babba ya tsaya a gaban allo ya nemi gafara. Suka kalli malami, malami yana kallon ƙasa. Can sai yarinyar layin gaba ta fara, saura suka bi ta gaba ɗaya, da jan murya irin ta karatun jadawalin sau: "Mun yafe, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya zai ɗauki bokiti, hannun ya ƙi rufuwa a kan mariƙin. Malamin ya ajiye alli ya zo ya ɗauka, ya ce wa yara su yi lamba ta bakwai kafin ya dawo, ya raka shi har wurin keke.